Ɗacin da Baba Ke So

Ni har yau idan na ga mutum ya rungumo katan ɗin lemo zai tafi dubiya, sai in ji kamar in tare shi a hanya in tambaye shi ko ya san abin da marar lafiyar yake so. Ba na tarewa dai, don ba mai raba mutanenmu da wannan ɗabi'a. Mu a nan Jidda, da an ce wane ya kwanta, to mai baƙala, wato mai kantin unguwa, shi ne zai yi dariya. Mangwaro, gwaiba, tuffa, inabi, duk wani abu da aka ɗura wa sukari aka rufe a kwali, shi za a kwaso a jibge a bakin gado, a ce Allah ya ƙara sauƙi, a kama hanya. Shekarar da Baba ya kwanta sai da ɗakinsa a unguwar Waziriyya ya koma kamar sito, kuma ko kurɓi ɗaya bai yi daga ciki ba.

Zazzaɓi ne ya fara kama shi, mai zafi, haɗe da tari. Muka sayo magani a saidaliyya, zazzaɓin ya sauka, tarin ya lafa, muka ce alhamdu lillahi, an tsallake. Ashe bakin ne ya mutu. Duk abin da aka kai masa sai ya ce zaƙi yake ji, wani irin zaƙi mai tayar da zuciya. Kunu zaƙi, shayi ba sukari ma zaƙi. Ruwa kansa, ruwan Allah, sai ya kurɓa ya tofar, ya ce kamar an wanke kwanon alewa a ciki. Tsoho ne da ya haura tamanin, ga zafin Jidda a tsakiyar lokacinsa, irin wanda ko na'urar sanyaya ɗaki sai ta riƙa nishi. Muna zaune muna kallo mutum ya fara bushewa.

Wanda bai san zamanmu ba zai ce, to me ya hana ku kai shi asibiti a yi masa ƙarin ruwa? Iƙama ce ta hana, wato takardar izinin zama a ƙasar. Kafilin Baba, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rasu da daɗewa, magadansa suka watsar da harkar, takardar Baba ta mutu ba a sabunta ba, shi kuma ya ce ya tsufa da bin layin ofisoshi. Tun daga nan duniyarsa ta zama gida, da masallacin bayan layinmu, da bencin mai shayi. Baba ba mutuwa yake tsoro ba, ya sha faɗa. Tsoronsa a warkar da shi, a sa shi a jirgi, a sauke shi a ƙasar da duk wanda ya sani a cikinta ya riga shi tafiya, a bar Inna a nan ita kaɗai. Ko haka za a yi masa da gaske, ko tsoro ne kawai irin namu, ba mu sani ba, kuma ba wanda ya so a gwada da shi.

Mai saidaliyyar unguwarmu, wani Basudane mai kirki da ya san mu tun ina yarinya, ya shigo duba shi wata rana bayan la'asar. Ya kama fatar bayan hannun Baba ya ɗaga, ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Ya tambayi Inna yaushe rabon tsohon da zagayawa ban ɗaki. Inna ta sunkuyar da kai, ta ce an daɗe. Ya ba mu garin gishiri da sukari na jiƙawa, ya ce ko dai ruwa ya shiga jikin nan har ya fito, ko kuma asibiti, babu ta uku. Garin nan ma Baba tofar da shi ya yi. Maigidana direba ne a wani gida a Abhur, can gefen gari, ranar Juma'a kaɗai yake samun kansa. Da na gaya masa a waya, sai ya ce idan Juma'a ta zo Baba bai sha komai ba, zai ɗauke shi a mota ya kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so, abin da zai faru ya faru.

A nan sai in koma baya kaɗan, don a san wane ne wannan tsoho mai taurin kai. Kafin Baba ya zo aikin hajji ya zauna, ya yi aiki yana saurayi a Jos, a wani kulob na Turawan haƙar kuza. Da wanke kofuna ya fara, har ya zama shi ke tsayawa bayan kanta yana haɗa musu abin sha. Ya sha rantse mana cewa ko ɗigo bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba, da hanci ya yi aikin, kuma na yarda da shi, don Baba mutum ne da ba ya iya ɓoye ko goron da ya ci. Amma fa wajen ra'ayi, tabɗi! Mutumin da bai taɓa sha ba, ya fi masu shan iyayi a kanta.

Wiski bai ɗauke ta a bakin komai ba, warin tsohuwar akwati take yi a wurinsa. Giyar kwalba kuwa ta masu hayaniya ce. Wadda yake girmamawa ita ce wadda Turawan ke kira jin. Yakan ce mini, “Uwata,” don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “ita fara ce tas, ka rantse ruwan randa ne, amma da ka buɗe kwalbar sai ka ji ƙanshin daji bayan an ɗauke ruwan sama.” Daga yadda Bature ya ce a haɗa masa ita Baba yake gane halinsa. Wanda ya ce a cika masa tonik, ruwan nan mai kumfa da ɗan ɗaci, har baki, bai san abin da yake so ba. Wanda ya ce a ba shi tsurarta, ya yi faɗa da matarsa. Wanda ya kama lemon tsami ya matse shi duka a ciki, wannan Baba har tsaki yake yi idan ya tuna shi, wai ya kashe abin da ya biya kuɗi ya saya. Akwai wata tsohuwar Baturiya da yake yabo har yau, wadda ba ta yarda a juya mata da cokali, kuma idan ƙanƙarar ta yi ƙanana sai ta turo kofin ta ce a sake.

Duk lokacin da ya ɗauko wannan labari, Inna sai ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

“Alhaji, a garin nan, ga Makka nan kusa da hancinka, kake wannan zance a gaban yara?”

“Labari nake bayarwa, Hajiya, ba talla nake yi ba.”

“To Allah ya shirye ka.”

“Amin, mu duka.”

Haka muka taso muna ji, mu da ba mu taɓa ganin ko kwalbar ba. Da muka girma labarin ya ɗauke, don Inna ta ci galaba, ko kuma shi ya gaji da masu sauraron da ba su san me ake faɗa ba.

To, ana cikin wannan jinya, ran nan da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakinsa ina yanka lemon tsami zan wanke kifi. Baba yana kwance ido rufe, numfashi sama-sama. Sai na ga hancinsa ya motsa. Ya buɗe ido, ya ce in miƙo masa ɓawon. Na zaci zai tsotsa, har na fara murna. Ina! Murɗa shi ya yi a ƙarƙashin hancinsa, ya ja numfashi, ya sake murɗawa. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, da murya kamar ta mai barci, “Da za a samu 'ya'yan itacen nan, da na sha ruwansu.”

“Wane itace, Baba?”

“Wanda ake sa wa jin. Shi ne ƙanshin, ba barasar ba. Wani Bature ya taɓa nuna mini su a gwangwani. Baƙaƙe ne masu shuɗi-shuɗi, sun fi masoro girma, ba su kai wake ba.”

“Ya sunansu?”

“Oho.”

Oho! Mutum yana bakin asibiti, ya aike ni neman abin da bai san sunansa ba. Amma tunda ya kwanta, wannan ne karo na farko da ya ce zai sha wani abu. Na wanke hannu, na zura abaya, na bar wa Inna kifinta, na tari mota sai Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, wurin masu sayar da kayan ƙamshi da saiwoyi.

Can na gane irin ramin da na faɗa. Ta yaya mace za ta tsaya a tsakiyar kasuwar Jidda ta ce a ba ta abin da ake sa wa barasa? Sai kwatance nake yi da yatsu kamar kurma. Na farko ya ba ni masoro. Na biyu ya ba ni busasshen inabi, ya ce in ba shi ba ne to babu shi a duniya. Na yi ta bin lungu, gumi har cikin takalmi, ina zagin kaina a zuci, ina zagin Turawan kuza da suka koya wa ubana wannan fitina. A ƙarshe na shiga shagon wani tsohon Bayamale mai kwalabe jere har rufi. Na ce masa babana ne ba lafiya, yana son ƙanshin wasu 'ya'yan itace baƙaƙe masu shuɗi, masu ƙanshin daji. Ya buɗe kwalba ɗaya, ba ita ba. Ya buɗe ta biyu, ba ita ba. Da ya buɗe wata ya kai mini hanci, sai na ji abin da Baba ya yi ta faɗa mana muna yara ne sak, ga shi a cikin kwalba. Ya ce sunansa ar'ar, a duwatsun Ɗa'if nan kusa ma yana fitowa, kuma kada in cika wa tsoho, kaɗan ake sawa. Ashe abin yana nan a bayan gidanmu shekara da shekaru, Baba yana zaton sai ƙasar Turawa.

Na dawo gida da guduna, kuma a nan na tafka wautar da har yau idan na tuna sai in rufe fuska. Ni 'yar gidan zoɓo ce. Inna ta yi shekaru tana yin zoɓo da kunun aya tana aikawa wurin ma'aikata a unguwar Khumra, a hannunta na koya, kuma a wurinmu duk abin da za a sha hanyarsa ɗaya ce. A daka, a dafa, a sa citta da kanumfari, a tace, a zaƙaƙa. Haka na yi wa ar'ar ɗin nan. Na kirɓa shi a turmi, na tafasa shi har ruwan ya yi duhu, na watsa citta. Da na ɗanɗana na ji ɗaci, wallahi ban san lokacin da hannuna ya kai ga kwalbar zuma ba. Inna tana tsaye tana sa albarka, don a ganinta magani nake dafawa.

Na kai masa a kofin shayi da ɗuminsa. Ya shinshina, ya ɓata fuska, ya ɗan taɓa da leɓe, ya tofar a kan zanin gado.

“Dafawa kika yi?”

“Eh, Baba.”

“Inna lillahi! Har da citta? Wannan kuma zuma ce nake ji? Uwata, kunu na ce ki dama mini?”

Nan fa zuciyata ta ɗebe ni. Na dire kofin har ya fantsama. Na ce, “Haba Baba! Na bi rana har Balad, na zama abin kallo a kasuwa, na dawo na tsaya a kan wuta, abin da zan samu ke nan? Kowa a gidan nan ya daina barci saboda kai. Inna ta rame. Kai kuma kana kwance kana zaɓe kamar wani baƙon otal. To ka zauna, Juma'a ta kusa, a zo a ɗauke ka!” Ina faɗa ina kuka, don tsoro ne ya cika ni, ba fushi ba. Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba.

Ya kafe ni da ido. Na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa shi da bakina. Sai ya ce, “Ɗaga ni.”

Na ɗaga shi, na jingina shi da matasai. Tun da ya kwanta bai nemi a zaunar da shi ba sai ran nan. Idonsa har wani haske yake yi don haushi. Ya ce in kawo sauran 'ya'yan itacen da turmi ƙarami, in zauna a gabansa inda zai gan ni, tunda ba a barina ni kaɗai da abu mai daraja.

Ya sa na ƙirga 'yan kaɗan a tafin hannu. Ya ce ba daka ake yi ba, dannawa ake yi har su fashe, halas, shi ke nan. Ya sa na ƙara ƙwayar kusbara, irin kayan ƙamshin girkin nan, 'yar mitsitsiya, ita ma a fasa kawai. Ɓawon lemon tsami kuwa sai da na fere uku yana cewa a sake, wai na haɗo da farin ciki, farin nan shi ke kawo ɗacin banza, shi kuma ɗaci mai hankali yake so. Ruwan sanyi za a zuba, a rufe, a sa a firiji, a ƙyale shi ya kwana, kada wanda ya kusance shi da wuta. Ya ce a sayo tonik a baƙala, da ruwan soda. Ƙanƙara kuma ba ya son 'yan ƙananan nan da ke narkewa kafin a yi bismilla, a zuba ruwa a kofunan shayi a daskarar, manya yake so. Tambulan dogo, shi ma a firiji zai kwana. Yana magana yana haki, amma ko kalma ɗaya bai bari na tsallake ba.

Da na fito kicin da kayan, na tarar da Inna a tsaye ta harɗe hannu. Ta ji komai, kuma ta gane inda aka dosa.

“Ke, abin nan na Jos za ki haɗa masa?”

“Inna, ruwa ne da 'ya'yan itace.”

“Na ji. Tambulan dogo, da ƙanƙara, da ɓawon lemo. Ni yarinya ce? Mutum yana gadon ciwo, maimakon a cika masa baki da salati, sai a tuna masa da kantar giya? Idan Allah ya karɓi abinsa da wannan a bakinsa fa, me za mu ce?”

Na buɗe baki zan mayar, don nawa bakin ba ya jira, sai na dube ta na fasa. Matar nan ta bar kowa nata ta biyo shi, ta yi shekaru tana gyara masa lahira kamar yadda take gyara masa hula, yanzu kuma tana ganin zai kuɓuce mata ta ko'ina. Na sassauta. Na ce mata babu abin da zai bugar a ciki, ko jariri aka ba ba abin da zai same shi sai ɓata fuska, ta ɗanɗana da kanta ta ji. Ta ɗauki ƙwayar ar'ar ɗaya ta tauna. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya, ta tofar a tafin hannu.

“Wannan abin yake ta begen shekara da shekaru? Kai, maza dai ba su da aikin yi.”

Ta tsaya tana kallon kwalbar da zan jiƙa a ciki. Can sai ta shiga ɗaki, ta kinkimo jarkar zamzam da muke ajiyewa a bayan ƙofa, ta dire a gabana. Ta ce idan dai sai an yi, to da wannan za a jiƙa, ƙanƙarar ma da shi za a daskarar, kuma ita za ta zuba da hannunta. Ta yi bismilla ta zuba, ta rufe, ta sa a firiji, ta ce kada in ƙara yi mata maganar.

Washegari Juma'a. Maigidana ya iso da hantsi, ya gaishe da Baba a durƙushe, ya ce mota tana waje. Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya ce a zaunar da shi, a kawo faranti.

Na jera masa komai a gabansa. Hannunsa ba ƙarfi, don haka ni ke yi, shi ke ba da umarni. Ƙanƙara ce farko, manya biyu, har tambulan ya yi gumi. Sai ruwan jiƙon, an tace, kaurin yatsa biyu, kada a ƙara. Sai tonik, a karkata tambulan a zuba ta gefe a hankali don kada kumfar ta mutu. Da na ɗauko cokali sai ya galla mini harara, na ajiye. Ɓawon lemo shi ya karɓa da kansa, ya murɗa a saman kofin, ya goga a bakinsa, ya jefa ciki. Ni yanzu idan zan haɗa wa kaina nakan ƙara yankan kokwamba, kuma na fi son jiƙon ya yi ƙarfi, amma ran nan ko numfashi ban yi ba tare da izini ba.

Ya riƙe tambulan da hannu biyu ya kai hanci. Ya daɗe yana shaƙa. Ni da Inna da maigidana mun zuba masa ido, ba mai motsi.

“Ku daina kallona haka, sai ka ce ragon layya.”

Muka kawar da kai, muna satar kallo ta gefen ido. Ya yi bismilla, ya kurɓa. Na jira tofarwa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, ruwan ya wuce.

“Tonik ɗin yanzu duk sukari ne,” ya ce. “Na da ya fi wannan mutunci. A na gaba ki raba shi biyu da soda.”

A na gaba! Na ji kamar in yi guɗa. Ya sake kurɓa, ya ce kusbarar ta ɗan yi yawa. Ya sake, ya ce amma ƙanƙarar ba laifi. Yana kushewa yana sha, yana sha yana kushewa, har sai da ƙanƙara ta buga masa leɓe. Na haɗa na biyu da soda yadda ya ce, wannan a hankali ya bi shi, yana lumshe ido. Inna tana zaune a bakin gado da carbi, leɓenta yana motsi, idonta a kan tambulan.

Maigidana ya ja ni gefe ya ce kada mu yi saurin murna. Shiga dai ya shiga, amma mai saidaliyya cewa ya yi sai ya fito. Zai je masallaci ya dawo, zai jira har la'asar, idan shiru to yalla, sai asibiti, ba sauran magana. Na san gaskiya ya faɗa, amma sai da na ji kamar in shaƙe shi.

Wunin nan ban san yadda ya wuce ba. Na ci gaba da haɗawa, ina rage jiƙon ina ƙara soda da ruwa, don Bayamalen ya ce kada a cika. Baba ya lura sarai, ya ce ina cutarsa, amma ya sha. Har ya karɓi ɗan biskit mai gishiri ya tauna. Sai ya yi barci, mu kuma muka zauna a falo kamar masu zaman makoki, kowa kunnensa yana ɗakin. Aka kira la'asar. Maigidana ya yi salla a gida, ya shafa addu'a, ya miƙe, ya ce in haɗa wa Baba kaya a jaka. Inna ta tashi ta shiga kicin don kada a ga fuskarta. Na ɗauko jakar, na fara ninke jallabiyarsa, hawaye yana ɗiga a kai.

Sai muka ji muryarsa daga ɗaki.

“Wai ba kowa a gidan nan ne? A zo a kama ni. A sa mini ruwa a buta.”

Maigidana ya riga kowa shiga. Ya tallafo shi, suka taka a hankali har ban ɗaki, ya shigar da shi, ya ja ƙofa ya tsaya a waje. Ni da Inna kuwa, Allah ya yafe mana, kunya ta gudu ta bar mu. Matan aure biyu, uwa da 'ya, ga suruki a tsaye, muka manne a jikin ƙofar ban ɗaki muna kasa kunne. Shiru. Shiru. Can sai muka ji, kaɗan-kaɗan da farko, sannan sosai.

Inna ta zame ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Maigidana ya juya ya fuskanci bango yana ta alhamdu lillahi. Ni kuwa jallabiyar tana hannuna har lokacin, na cusa fuskata a ciki.

Daga ciki Baba ya yi gyaran murya.

“Ina jin numfashinku fa. Ku matsa daga ƙofar nan, marasa ta ido. Hajiya, har da ke?”

Inna ta share fuska da gefen mayafi, ta ce, “Har da ni, Alhaji. Ka ɗauki lokacinka, ba inda za ka.”